Wuƙa a Ƙarƙashin Tabarma

A gidanmu akwai wata wuƙa mai ƙotar ƙaho wadda ba a yanka albasa da ita, ba a fere rake da ita, kuma yaro bai isa ya taɓa ta ba. Tana rataye cikin kubenta a turakar Baba, ba ta fitowa sai ranar layya, ko ranar suna, ko kuwa ranar da wata dabba ta kwanta aka ga alamar ba za ta tashi ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Makarfi ko Ikara ko Kudan ya san irin wannan wuƙa, domin da wuya ka sami gidan manomi mai turke wanda babu ita. Ni dai tun ina yaro na ɗauka ita ce asibitin ƙarshe na kowace dabba. Sai da furfura ta fara fito mini a gemu sannan na kwana huɗu a gindin wani sa, wuƙar tana ƙarƙashin tabarmar da nake zaune a kai. Labarin waɗannan kwanaki nake so in ba 'yan uwa.

Kafin wani ɗan birni ya yi saurin cewa mutanen karkara ba su da tausayi, bari in yi masa lissafin. Dabbar da ta mutu ba a yanka ba ta zama mushe. Ba a ci, ba a sayarwa, sai dai a ɗaura mata igiya a ja ta bayan gari a bar wa karnuka. Wadda aka yanka da sauran numfashinta kuwa, ko yaya ta rame, mahauci zai ba da wani abu, ko da kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta ne. To, mutumin da dukiyarsa kaf tana ɗaure a turke, idan ya ga sansa ya kwanta, kowace sa'a da ya ƙara yana jira caca yake yi da abincin 'ya'yansa. Da babu gara ba daɗi. Shi ya sa za ka ga ana jinyar dabba da hannu ɗaya, ɗayan yana kan kube.

Shi Baba yana da wani dalilin nasa na daban. A 1983, ina aji huɗu a firamare, annobar bushiya ta ratsa Arewa. Har yanzu ina tuna warin da ya riƙa tasowa daga rugagen da ke kan hanyar Ikara, da yadda dattawan Fulani suke zaune a bakin hanya sun haɗa kai da gwiwa, sandunansu a yashe. Saniya za ta fara da zazzaɓi, ido da hanci su riƙa tsiyaya, baki ya yi gyambo, sai zawo mai ƙarni ya biyo baya, cikin mako guda ko kwana goma ta tafi. Shanu biyar Baba ya ba da kiwo, ɗaya ce ta rage. Bushiya ba ta da magani, rigakafi kawai gare ta, kuma rigakafin ne ya ci ƙarfinta daga baya, har a 2011 aka yi shelar cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya, ta zama cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa kawarwa bayan agana. Amma shelar ba ta goge abin da Baba ya gani da idonsa ba. Tun daga wannan shekara ya riƙe magana guda, wai saniyar da ta kai ƙasa, ƙasa ta karɓe ta.

Shanun da nake magana a kansu na huɗa ne guda biyu, farare irin Bunaji, Yaya ya sayo su a karar Anchau da kuɗin raken shekara biyu. Yara suka sa musu Dogo da Gajere. Da damina su yi huɗar gonarmu ta masara da dawa a wajen Gimi, sannan su yi ta ƙwadago a gonakin mutane. Da rani su ja amalanke, rake daga fadama zuwa bakin titi, taki daga gida zuwa gona. Shanun huɗa kuwa kamar takalmi suke, wari ɗaya ba ya amfani. Sun san takun juna a ƙarƙashin karkiya, in ka haɗa ɗaya da baƙo sai kunya ta fito a karkace.

A ƙarshen wani rani, lokacin da harawa ta ƙare, karan dawa ya zama tsinke, Dogo ya soma ramewa. Haƙarƙari duk a waje, ciki kuwa kamar randa. Ya rage ci, kashinsa ya koma ɗan kaɗan, baƙi mai yauƙi. Kowa ya zo da nasa sani. Wani ya ce sammore ne, wani ya ce hanta, wata tsohuwa ta ce baki ne ya kama shi tun ranar da aka yaba shi a kasuwa. Aka kira wani mai maganin kasuwa da jakarsa, ya tsira masa allura uku a zama ɗaya, bai tambayi komai ba sai kuɗinsa. Aka koma jiƙon maɗaci, aka yi ɗurar kanwa da man gyaɗa. Ba raina waɗannan nake yi ba, domin daga baya likita da bakinta ta ce mai da kanwa suna da irin kumburin da suke yi wa amfani. Sai dai abin da ke cikin Dogo ko tulu goma na mai ba zai narkar da shi ba. Wata guda cur muka ɓata a haka, kuma har da ni a ciki, domin ina can Ikara ina koyarwa, kullum aka bugo waya sai in ce a ƙara masa dusa.

Ranar wata Lahadi da la'asar ya durƙusa a gindin darbejiyar ƙofar gida, aka yi aka yi ya tashi ya ƙi. Labarin sa ya kwanta ya fi labarin gobara saurin isa kunnen mahauta. Kafin in iso a kan babur, na tarar da mahaucin garinmu, abokin wasan Baba tun na ƙuruciya, yana tsugune yana latsa cinyar Dogo. Ya taya. Baba ya shiga turaka ya fito da kube. Yaya, wanda kuɗinsa ne ke kwance a ƙasa, ya jingina da bango bai ce uffan ba.

Na ce, "Baba, a yi mini arziki a ba ni zuwa gobe da azahar, in je Samaru."

Ya dube ni sheƙeƙe, ya ce, "Malam, boko ba ya tayar da sa." Haka yake kirana in yana so ya rage mini tsawo.

Na ce in Dogo ya mutu kafin nan, ni zan biya Yaya abin da mahauci ya taya. Allah ya sani ba ni da ko rabin kuɗin, albashin ma bai shigo ba. Baba ya daɗe yana kallon san, sannan ya miƙa wa Yaya wuƙar ya ce ya shimfiɗa tabarma ya kwana nan, in ya ji numfashi ya canza kada ya jira kowa.

Da asuba na kama hanya, ta Tashar Yari zuwa Kwangila, na karkata Samaru. Abin kunya, a wannan jami'a na yi karatu, na wuce asibitin dabbobinta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, amma a raina na ɗauka na dawakan sarakuna ne da karnukan manya. Alhali tun 1964 aka kafa tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, shekara biyu bayan buɗe jami'ar kanta, da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka. Kai, a Zariya ma Turawa suka fara ajiye ofishin dabbobi kafin su mayar da shi Vom a 1924, ga kuma cibiyar binciken kiwo a Shika nan kusa. Duk wannan ilmi yana zaune tafiyar sa'a guda da 'yan kai daga turkenmu, mu kuwa muna can muna gardamar baki ne ko sammore.

Aka haɗa ni da wata likita, yarinya ce a idona, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ta uku ba. Ta jero mini tambayoyi. Yaushe rabonsa da tuƙa? Yaushe ya yi fitsari? Ina yake kiwo, ina yake tsayawa in ana loda amalanke? Rabin tambayoyin na kasa amsawa. Ta ce in aka ɗora shi a akori-kura a wannan hali zai iya cikawa a hanya, gara ita ta je. Ta sa na buga wa Yaya waya nan take: a daina ɗura, domin dabbar da ta galabaita ba ta haɗiya sosai, ruwan huhu yake wucewa, kuma a tokare shi da buhuna ya zauna a kan ƙirjinsa, kada a bar shi ya baje a gefe guda. Ta rubuta mini abin da zan saya. Da na ga yawan katan ɗin ruwan da ta rubuta, na zaci kuskuren alƙalami ne.

Mun isa gida ana kiran azahar, ita da ɗalibai biyu. Mutanen unguwa suka yi dafifi. Ta durƙusa ta gaida Baba kamar yadda 'ya take gaida uba, sannan ta sa safar hannu. Ma'aunin zafi ya nuna 37 da ɗan ɗoriya, ta ce lafiyayyen sa yana tsakanin 38 da 39, wato jikinsa ya fara sanyi ke nan. Zuciya tana bugawa kusan 100 a minti, maimakon 60 zuwa 80. Ta tsunkuli fatar wuyansa ta saki, fatar ta tsaya a tsaye kamar an kafa ta. Ido ya faɗa rami. Sannan ta kira ni ta ce in kafa kunnena a kwiɓin hagu na Gajere. Na ji wani ruri kamar tsawa daga nesa, ya taso ya lafa, can ya sake tasowa. Ta ce tumbi ke nan yana juya abinci, sau biyu ko uku cikin minti biyu. Na koma kwiɓin Dogo, shiru kamar kabari. Ta danna dunƙulen hannunta a wurin, ya ƙi shiga.

Ta auna ƙirjinsa da tef ta ce zai yi kilo 300, kuma ruwan da ya rasa ya kai kashi 8 cikin 100 na nauyinsa. Ta ce in lissafa, tunda malami ne ni. Lita 24. Ledar ƙarin ruwa irin ta asibiti rabin lita ce, wato leda 48 kafin ma ya koma yadda yake. Sai a lokacin na gane katan-katan ɗin.

Ta juya wajen Baba ta ce, "Baba, ina zaton leda ce ta cushe masa tumbi, kuma ba ta fita sai an buɗe shi. Ba zan yi maka alkawarin zai tashi ba. Akwai kuma abin da ya kamata ka sani tun kafin in fara. Da zarar na sa masa magungunan nan, bai kamata mutum ya ci namansa ba sai bayan mako uku zuwa huɗu. In ya juya a tsakani, ba abin da za ka ba mahauci."

Wurin ya yi tsit. Ni kaina sai da gabana ya faɗi, domin ban san da wannan ba lokacin da nake cika baki jiya. Na kuma tuna naman da muke saye a kasuwannin ƙauye, wanda Allah kaɗai ya san allura nawa ya sha ana gobe za a yanka shi.

Baba ya ce, "'Yata, in naki ne, me za ki yi?"

Ta ce, "Buɗe shi zan yi, Baba."

Ya ce, "To, bismilla." Amma ya hana a mayar da wuƙar ɗaki. Ya ce ko ba za a ci ba, ba zai zuba ido dabbar da ta yi masa bauta tana shure-shure har ta cika ba.

Aka aske gefen wuyan, aka sa allura a babbar jijiya, aka rataye leda a reshen darbejiya. Ɗaliban nan suka yi ta canzawa, wannan ta ƙare a ɗora waccan, wasu da sukari, wasu da kalsiyam, har dare ya raba. Da asubar Talata Dogo ya saki fitsari, sai na ga ɗalibi ɗaya yana tafi shi kaɗai. Ya ce ƙoda ta farka.

Da hantsi aka yi aikin. Aka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, aka zura buhuna a ƙarƙashin cikinsa da azara biyu, ƙarti takwas suka ɗaga shi suka riƙe. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ba a sa shi barci ba. A tsaye ake yi wa sa wannan tiyata, idonsa biyu, fatar wurin da naman kawai ake kashewa da allura. Ta aske kwiɓin hagu, ta wanke har sau uku, ta tsaga kamar taƙi ɗaya da rabi. Ta jawo bakin tumbin ta ɗinke shi da fata kafin ta huda, ta ce ɗigon abin da ke ciki in ya zuba cikin kogon ciki shi ne ke kashewa bayan kwana biyu. Sannan ta zura hannu har kafaɗa.

Mai karatu, na ga abin da ban taɓa gani ba. Ledar ta murɗe ta zama gammo guda, ba ta fitowa sai an yanka ta gutsure-gutsure. Baƙar leda, ledar fiya wata, zaren buhu, igiyar roba, wani ɓarin silifa, ƙusa biyu. Sa'a ɗaya da rabi tana jawowa, har daro biyu suka cika. Inna, wadda ke leƙe ta kan katanga, ta yi salati ta ce ga gefen zanenta da ya ɓace a kan igiyar shanya tun kaka. Sa ba ya tsince abinci kamar akuya. Harshe yake naɗawa ya haɗiye, sai daga baya ya dawo da shi ya tauna. In leda ta taɓa gishiri ko mai, ga kuma yunwar rani, ai ba ya tambaya. Dogo kuwa rabin ransa a bakin kasuwa da bakin titi ya yi shi, yana jiran lodi. Muna yara a takarda ko ganye ake ƙunsa mana ƙosai, in ka yar akuya ta cinye ta ƙoshi. Yanzu je ka ga filin kowace kasuwa washegarin ranar cinta.

Da tumbin ya zama fanko sai wata matsalar ta taso. Likita ta ce ashe ba sa ne ke narkar da ciyawa da kansa ba, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, cike da tumbin, su ke yi masa aikin, kuma na Dogo sun mutu. Dole a zuba masa iri, kamar yadda mai kindirmo take ɗiban tsohon nono ta zuba a sabo. Irin kuwa sai daga tumbin lafiyayyar saniya da aka yanka yanzun nan. Tun daren jiya ta faɗa, kuma wa kuke tsammani ya kawo? Mahaucin nan ne. Ya iso a kan babur da jarka naɗe cikin buhu, da ɗuminta, daga mayankar Makarfi. Aka tace aka zuba tare da ruwan ɗumi mai gishiri, aka ɗinke tumbi, aka ɗinke nama, aka ɗinke fata. Na zaro kuɗi zan ba shi ya ture hannuna. Ya ce, "Bar shi, Malam. In ya tashi, ai wata rana nawa ne."

Na ɗauka an gama. Ashe yanzu jinyar ta fara. Ana sakin azara Dogo ya sake sulalewa ƙasa. Likita ta ce nauyin sa shi ne abokin gabansa, in ya wuce 'yan sa'o'i a kan ƙafa ɗaya tsoka da jijiya suna mutuwa a ƙarƙashinsa, ko ciwon ya warke ba zai ƙara miƙewa ba. Saboda haka duk bayan sa'a uku, dare da rana, sai mutum huɗu sun juya shi. Aka tara ƙaiƙayi a ƙarƙashinsa, aka kafa rumfar zana. Wani malamin dabbobi na kusa da mu ya ɗauki nauyin allurar safe da yamma. Yara aka ba su aikin korar ƙuda daga ɗinkin, don kada ya yi tsutsa. Yaya kuma aikinsa ya laɓe kusa da Gajere, da ya ga ya dawo da tuƙa baki sai ya cafke muƙamuƙinsa ya ƙwato, a dama da ruwan ɗumi a ba ɗan uwansa. Gajere ya yi fushi da Yaya har wata guda.

Ni kuwa ta bar mini ma'aunin zafi da tocila, ta sa na ja layi a littafin rubutu na 'yan makaranta. Duk bayan sa'a biyu in rubuta zafi, numfashi nawa a minti, motsin tumbi, ya sha ko bai sha ba, ya yi kashi ko bai yi ba. Daren farko bayan aikin, da ta bugo, na karanta mata abin da na rubuta da ƙarfe goma: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ta ce, "Malam, ba ra'ayinka na tambaya ba. Nawa ne zafin? Kunnensa da ɗumi ko da sanyi? Me ka gani da ya sa ka ce da sauƙi?" Na rasa ta cewa, domin ban ga komai ba, so nake ya zama da sauƙi shi ya sa na rubuta. Na yi shekaru ina kai 'yan rubuce-rubucena gaban manya a taronmu ana yi musu gyara, amma ban taɓa shan gyaran da ya shige ni kamar wannan ba. Littafin yana nan, shafi tara, ba kalmar ado ko ɗaya a ciki.

Daren Laraba shi ne mai wuya. Ƙarfe biyu ma'auni ya haura 40. Dogo ya miƙe wuya a ƙasa, yana nishi yana tauna haƙora, numfashi sama-sama. Na buga waya hannuna yana rawa. Ta ce in duba ɗinkin ko ya kumbura, in taso malamin dabbobi ya yi allurar da ta bari, a jiƙa buhu a lulluɓa masa, a ɗaga kansa, sannan a jira asuba. Ta ce ba abin da ya rage a hannunta sai wannan.

Ban san Baba ya fito ba sai da na ji ya ɗaga gefen tabarma. Ya zauna, ya ɗora kuben a cinyarsa, ya dafa tozon Dogo da ɗaya hannun. Ni dai na kasa ce masa komai, domin in ya zare a lokacin ba ni da bakin hana shi. Can ya ce mini, a shekarar bushiya ya yanka uku da hannunsa a yini ɗaya, kuma ta ukun tana lasar hannunsa lokacin da ya kwantar da ita. Bai taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ko Inna. Muka zauna. Ƙarfe huɗu na auna, ya sauko kaɗan. Ya ce in sake aunawa, bai yarda ba. Da aka kira assalatu yana 39 da rabi. Baba ya mayar da kuben ƙarƙashin tabarma ya tafi alwala.

Ranar Juma'a da hantsi wata 'yar Yaya mai shekara shida ta ruga cikin gida tana ihu, wai Dogo yana cin cingam. Muka fito. Wani ƙulli ya taso ta gefen wuyansa ya hau, muƙamuƙi ya soma juyawa a hankali, gefe zuwa gefe. Na ƙirga, sau 31 ya tauna kafin ya haɗiye, na rubuta. Bayan an sauko daga masallaci ya tattara ƙafafun baya ya ɗaga gindi, kamar yadda shanu ke yi, ya daɗe a durƙushe a kan gwiwa yana shawara, sannan ya miƙe yana tangaɗi. Ba wanda ya taɓa shi.

Kada in yi wa 'yan uwa ƙarya, bai yi huɗa ba a wannan damina. Bayan mako biyu aka cire zare, amma sai da kaka ta yi sannan ya mayar da jikinsa. Gajere aka haɗa da san maƙwabci ana raba kuɗin ƙwadago, kunyoyinmu suka fito kamar tafiyar maciji. Da na tara kuɗin mota da ruwa da magani da ladan masu juyi, ya yi kusa da abin da mahauci ya taya tun farko, kuma sai da na yi wata biyar ina biyan bashi. Mun ci riba, amma da kyar, kuma da ya mutu daren Laraba da mun yi biyu babu. Shi ya sa har yau ba na iya tsayawa a gaban manomi in ce masa ya yar da wuƙa. Ita kanta likitar ta gaya mini ta sha rasa irinsa, yawanci waɗanda aka kira ta bayan sun kwana uku a ƙasa.

Ta ba ni labarin cewa a wasu asibitocin Amurka da Turai akwai wani tanki da ake cika shi da ruwan ɗumi a tsayar da saniyar da ta kasa tashi a ciki, ruwa ya ɗauke mata nauyi har ƙafafunta su dawo. Akwai ɗakunan da ake sa wa kare na'urar numfashi, ana yi masa wankin ƙoda kamar mutum. Na ji, ban kuma yi hassada ba, domin abin da ya tayar da Dogo babu wanda ba a samu tsakanin Samaru da Makarfi, har da ƙarti huɗu masu tashi ƙarfe biyun dare. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. A wannan bazarar, wata bazawara maƙwabciyar Inna tana da tunkiya ɗaya tal, da ita take sa ran kayan ɗakin 'yarta. Ta rame, ciki ya yi tulu, ta daina tuƙa. Duk unguwa mun ga alamun, yanzu kam mun san su. Amma wa zai ɗauko mota daga Zariya saboda tunkiyar bazawara? Aka yanka ta, aka ciro ƙullin leda kamar kan jariri. Lambar likitar tana cikin wayata a lokacin, ban buga ba.

Dogo ya ƙara damina uku a ƙarƙashin karkiya. Da ƙarfinsa ya soma ja baya Yaya ya turke shi wata huɗu da dusa da harawa, ya yi ƙiba har tabon kwiɓinsa ya kusa ɓacewa cikin gashi. Ana saura kwana kaɗan Babbar Salla mahaucin nan ya zo, wannan karon da cikakken kuɗi. Da za a tafi da shi Baba bai fito ba. Yaro ya aiko da saƙo, ya ce a gaya wa abokinsa in ya buɗe ya duba tumbin ya aiko masa da labari.

Washegari da yamma mahauci ya zo da kansa. Ya ce ɗinkin yarinyar nan yana nan lafiya lau, sai da ya sa ƙarfi kafin ya raba tumbin da haƙarƙari. Baba ya ce ba wannan ya tambaya ba. Mahauci ya sa hannu a aljihu ya fito da wani abu baƙi a murɗe, ya kai cikin tafin hannu, ya ajiye a kan tabarma.